Rumbun da Ake Ginawa da Rubutu

Manomin shinkafa a fadamar kogin Kwara ya san cewa girbi bai kammala ba sai an sami wurin ajiya. Haka abin yake ga masu rubuta manhajar kwamfuta. Abin da suke rubutawa layi bayan layi shi ake kira tushen manhaja, kuma shi ma yana son rumbu. Galibi a GitHub suke zuba nasu, dandalin da kamfanin Microsoft ya saya a 2018. Amma akwai masu gina nasu rumbun da hannunsu. A yanki irin Bagudo, inda wanda ya matsa wajen Lolo ko Tsamiya kan ga wayarsa ta kama layin Jamhuriyar Benin, wannan gwaninta tana da daraja, domin rumbun gida ba ya jiran intanet.

Ginshiƙin aikin shi ne Git, wanda Linus Torvalds ya rubuta a 2005. Kamar littafin bashi na ɗan kasuwa mai tsanaki yake: kowane canji, wa ya yi shi, yaushe, duk a rubuce. A kansa ake ɗora Gitea, manhajar kyauta ta kafa irin wannan rumbu da ta samo asali daga wata mai suna Gogs a 2016, wadda kowa zai iya karanta tushenta ya gyara.

Gwani yana fara tara kayan aiki: tsohuwar kwamfuta mai Linux, da Go, harshen da aka rubuta Gitea da shi, da Node.js mai shirya shafukan da ido ke gani. Sai ya buga git clone, tushen Gitea ya sauko gaba ɗaya da tarihinsa. Nan ilimin yake ɓoye. Ba ya ɗaukar reshen da masu ginin ke kan taɓawa kullum, sai sigar da aka riga aka sa wa lamba. Yana buɗe fayil ɗin go.mod ya duba wace sigar Go ake bukata. Sauke sauran kayan kuwa yakan bari sai dare, lokacin da sabis ya lafa kuma data ta fi araha.

Kafin ya buga make build yana ƙara alamomi. Ta bindata tana cusa hotuna da shafuka a cikin manhajar kanta. Ta sqlite tana sa bayanan masu amfani su zauna a fayil guda. Daga nan fankar kwamfutar ta fara kuka, rubutu na gudu a baƙin allo. In aikin ya tsaya, malalaci sai ya sake bugawa yana fatan sa'a. Gwani kuwa yana komawa sama ya nemo kuskuren farko, don ya san sauran duk 'ya'yansa ne.

Abin da ke fitowa fayil ɗaya ne tak. Yana buɗe masa asusu na daban marar iko da yawa, don kada ɓarna ta shafi dukan kwamfutar. Sai gitea web, ya buɗe burauza a ƙofa ta 3000, ga shafin ya bayyana. Saitin yana cikin app.ini, kuma yana karanta kowane layi kafin ya taɓa shi.

Saura kiwo. Yana jona kwamfutar da batirin sola don kada ɗaukewar wuta ta katse ajiya. Duk mako yana buga gitea dump ya kwashe komai a filas, sannan ya gwada mayar da shi a wata kwamfutar ya tabbata ajiyar na aiki.

Ranar da intanet ta yanke gaba ɗaya, ɗalibai biyar a ɗaki guda za su ci gaba da tura aikinsu ta ƙaramar na'urar Wi-Fi, domin rumbun yana nan kan tebur a gabansu.