Riga ta Afirka, Doka ta Wasu: Sharhi a Kan Wasan Nyambe

A shekarar 1974 ne Gary Gygax da Dave Arneson suka fito da wasan Dungeons & Dragons a Amurka. Mutane huɗu ko biyar ke zama kewaye da teburi. Ɗaya shi ne mai ba da labari, sauran kuma kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, ko mayaƙi ko matsafi ko ɓarawo. Ɗan wasa ya faɗi abin da tauraronsa zai yi, sai a jefa ƙwaya mai fuska 20 irin ta ludo, lambar da ta fito ita ke nuna ko ya dace ko bai dace ba. A 2000 kamfanin Wizards of the Coast ya yarda kowa ya ari ginshiƙin dokokin ya gina nasa wasan. Ta wannan ƙofa Chris Dolunt ya shigo da Nyambe, wanda kamfanin Atlas Games ya buga a 2002.

Abin yabo a Nyambe shi ne ya fitar da wasan daga ganuwoyin Turai ya kai shi wata nahiyar ƙage da aka ƙera da tarihi da tatsuniyoyin Afirka, mai sarakuna da fatake da bokaye. Sai dai riga kawai aka sauya. Doka na nan yadda take: mafi yawan makin da tauraro ke samu daga cin galabar dodanni yake fitowa, da makin ne kuma yake hawa mataki. A irin wannan wasa doka ita ce ke faɗin halin da ya cancanci lada. Da za a saka Gizo a ciki, da ya daɗe a matakin farko, domin Gizo bai taɓa kayar da zaki ko kura da ƙarfin damtse ba. Da baki da dabara yake ci, wani lokaci kuma dabarar ta juye masa. Wannan juyewar, wadda ita ce zuciyar tatsuniya, ba ta samu gurbi mai faɗi a lissafin ba.

Aibi na biyu ya fi nauyi. Nyambe ya mayar da hulɗa da iskoki jerin ƙarfi da ake ƙidayawa. Ga ɗan Amurka wannan ado ne. Ga yaron Junju ko Karakara ko Zabori, a bakin ƙasar Arewa inda bori bai zama tarihi ba, magana ce ta gida: wani kakarsa na girmama abin, wani kuma malaminsa ya hane shi da shi. Haka ita ma ƙwayar da ake jefawa, iyaye da yawa caca za ta tuna musu. Malamin lakwal da ya kawo littafin aji bai yi la'akari da wannan ba, zai rasa iyaye kafin ya sami yara.

To, a yar da wasan ke nan? A'a, domin kayan haɗinsa na hannunmu tuntuni. Dara na da doka tsattsaura da ba wanda ya rubuta: gurbi 30, kowa da ƴaƴa 12, wanda ya jera uku ya ci ɗan abokin karawarsa, kuma babu sa'a a ciki sai tunani. Wasan kara na Damagaram, inda matasa ke naɗa junansu sarki da hakimai da manyan gwamnati su kwaikwayi masu mulki, shi ne ɗaukar matsayi. Tatsuniya kuwa ta ba mu mai ba da labari. Abin da ya rage shi ne a haɗa ukun a kan tabarma ɗaya.

Ƙungiyar da ta ɗauki wannan aiki ta fara da tambayar da Nyambe ya tsallake: me za a saka wa da lada? Ana iya ba da maki ga wanda ya sasanta manomi da makiyayi, ko ya fitar da ayarin gishirin Foga daga hannun ƴan fashi ba a zubar da jini ba. A wurin ƙwaya, a sa kacici-kacici ko ƙarasa karin magana, ta yadda mai harshe ne zai ci. A rubuta dokar a takarda biyu ko uku, a gwada da yara, a gyara.

Sannan dokar ta zauna a hannun masu wasa. A watan Janairun 2023 kamfanin ya so ya takaita izinin nan na 2000, ƴan wasa suka yi caa, har ya janye. A Abuja ma NIBCARD Games na ƙera wasannin teburi na gida, ya kuma ci kyautar Diana Jones a 2021. Darasin Nyambe ga malamai da ƙungiyoyin al'adu shi ne, sauya wa tauraro suna daga na Turai zuwa namu ba ya mayar da wasa namu. Sai ranar da Gizo zai iya ci, ko dara ta ci gida a kansa, bisa dokar da muka tsara da kanmu.