Hammata da Gula: Matsayin Mai Kalangu a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Akwai wani hukunci da ya zauna daram a bakin masu sharhin waƙar baka, har ya shiga azuzuwan makarantu, wai waƙa ita ce adabi, kiɗa kuwa ɗan rakiya ne. A wannan ra'ayi mai kalangu ba shi da aikin da ya wuce ya riƙe wa mawaƙi tafiya, ya cike gurbi idan an tsaya shan iska. Shi ya sa ɗalibi zai cika kundi guda a kan Alhaji Mamman Shata, ya feɗe zambo da habaici da kirari, amma mutanen da ke rataye da kalangai a bayansa ba su samu ko shafi biyu ba. Wasu kuma sun ce ai kiɗa roƙo ne, maroƙi kuwa ba a tambayarsa inda ya yi karatu. Sai samarin situdiyo, masu cewa duk abin da kalangu zai faɗa yana cikin fiyano, danna maɓalli kawai ya rage. Ban yarda da ko ɗaya daga cikin ukun nan ba, kuma ƙasar Birnin Kudu da Gwaram ta ishe ni hujja.

Tarihin wurin ba ya buƙatar dogon bayani. A tsakiyar shekarun 1950 Bature Bernard Fagg, ma'aikacin hukumar kayan tarihi, ya bayyana wa duniya zane-zanen shanu da ke jikin duwatsun Birnin Kudu, irin su Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, tare da duwatsun nan masu amo waɗanda idan an buge su da ƙaramin dutse sai su yi ƙara kamar ƙarfe. Rubutunsa a kansu ya fito a 1956. Masu son ƙawata tarihi sukan yi tsalle daga nan su ce ga asalin kalangu. Wannan zance ne marar madogara, domin babu abin da ya haɗa dutse da fatar akuya in ban da duka. Abin da ramukan da bugu ya bari a jikin duwatsun suke shaidawa shi ne mutanen wannan ƙasa sun daɗe suna zaɓen wurin da za su buga don su sami sautin da suke so. Wannan ya isa. Daga baya ƙasar ta zauna ƙarƙashin Kano, sannan ta koma Jigawa da aka ƙirƙiro a 1991, a cikin masarautar Dutse.

Abin da ya fi tarihin sarauta tasiri a kunnen makaɗin wannan yanki shi ne zamansa a bakin iyaka. Ta yamma ga Kano da kiɗan fadarta, tambari da jauje da kotso da algaita. Ta kudu da gabas ga ƙasar Bauchi, Ningi da Warji, har akwai Warjawa a cikin ƙaramar hukumar Birnin Kudu kanta. A tsakiya ga rugagen Fulani da sarewarsu da kiɗan sharo. Yaron da ya tashi a Babaldu ko Sara ko Basirka ko Fagam, ranar kasuwa ɗaya ta isa ya ji kiɗa iri uku kafin la'asar. Da rediyo ya zo, musamman gidan rediyon Kaduna, sannan kaset ya biyo baya, sai kalangan Shata da kotsannin Musa Ɗanƙwairo da gurmin Haruna Uji na Haɗeja suka shigo zaure. Makaɗan ƙauye sun kwaikwayi waɗannan, babu musu. Amma wanda ya ce daga rediyo suka koyi kiɗa ya juya zancen, domin rediyon ne ya ɗauko abin da ya tarar a hannun irinsu.

To, mene ne abin da ke hannun nasu? Take. Duk Bahaushe ya san bambancin take da kirari: kirari baki ke yin sa, take kuwa fata ce ke faɗar sa. A nan nake son in daɗe, domin a nan ne hukuncin masu cewa rakiya yake rushewa.

Kalangu kango ne mai siririn tsakiya, da fata a baki biyu, da tsirkiya da ta haɗa bakin nan da wancan. Makaɗi ya rataye shi a kafaɗa, ya danne shi a hammata, gula a ɗaya hannun. Idan ya matse, tsirkiya ta ja fata, sauti ya hau. Idan ya saki, sauti ya sauka. Hausa kuwa harshe ne mai karin sama da karin ƙasa da kari mai faɗuwa, ga kuma gaɓa mai nauyi da marar nauyi. Kalangu ba shi da baƙi ba shi da wasali, abubuwa biyun nan kaɗai ya mallaka, hawa da sauka, ja da gajarta, kuma da su yake magana.

A gwada da sunaye biyu. Faɗi Sarkin Fawa, sannan ka faɗi Birnin Kudu. Kowanne gaɓa huɗu ne, kuma a kowanne murya tana sama a gaɓa uku na farko, ta sauka a ta huɗu. Da kari kaɗai ake bi, da kalangu bai iya raba su ba. Amma a na farko gaɓa ta uku ja ake yi, a na biyu kuwa gaɓoɓin ƙarshe biyu gajeru ne, a guje suke zuwa. Saboda haka makaɗi zai riƙe hammatarsa a matse iri ɗaya a duka biyun, gula ce za ta bambanta su: can ta yi jinkiri kafin bugu na huɗu, nan ta haɗa na uku da na huɗu kusan a numfashi ɗaya. Hannu biyu, aiki biyu, kuma dole su haɗu a kan gaɓa guda. Wanda hammatarsa ta riga gularsa ko da ƙiftawar ido ne, ya faɗi wata magana dabam, ko ya yi surutu marar ma'ana, kuma tsofaffin da ke zaune a gefe za su gane nan take.

Sai kari mai faɗuwa, wanda a ganina shi ne ma'aunin gwani. Sunan bijimi, wato sa, gaɓa ɗaya ce, amma murya tana farawa a sama ta gangaro kafin a rufe baki. Haka farkon kalmar yamma. Ganga ba za ta iya wannan ba, taushi ma haka, domin fatarsu a ɗaure take wuri ɗaya. Mai kalangu kuwa zai buga yana matse, sa'an nan ya saki bayan gula ta bar fata, amo yana nan da ransa, sai ka ji sautin ya sulalo. Sakin nan yana da gwargwado. In ya yi sauri, kalmar ta guntule. In ya yi nawa, amon ya mutu kafin ya iso ƙasa. Babu littafin da ke koyar da wannan gwargwado, kuma babu malamin da zai iya faɗa maka shi da baki, sai dai shekaru su zaunar da shi a damtse.

Akwai kuma abin da masu nazarin harshe suka tabbatar, cewa a doguwar jimlar Hausa murya tana gangarowa mataki-mataki, har karin sama na ƙarshen jimla ya kasance ƙasa da na farkonta. Ɗan koyo ba ya lura da wannan. Sautuka biyu ya sani, sama da ƙasa, yana ta kai da komo a tsakaninsu, sai kiɗansa ya fito a sandare. Gwani yana rage matsi kaɗan-kaɗan yayin da taken ke tafiya, shi ya sa za ka rantse mutum ne ke magana a bayan katanga. A nan nake fifita kalangu a kan kotso, duk da na san masoya kiɗan fada ba za su ji daɗi ba. Kotso yana da kwarjini, naken da ake shafa wa fatarsa yana ba shi zurfin murya da ta dace da gaban sarki. Amma wajen sakin harshe da saurin juya magana, kalangu ya fi shi.

Take kuma ba ya tsayawa shi kaɗai, da sauran kayan kiɗa yake tafiya. Kuntuku yana can yana maimaita ɗan gajeren bugunsa ba ya canzawa, ɗan karɓi yana cike tsakani, uwar kalangu ce kaɗai ke da izinin yin magana. Gwaninta ita ce ta shigar da jimlar da tsawonta bai yi daidai da zagayen kuntuku ba, ta ja nan, ta matse can, ta sauka daidai kan gaɓar da kowa ke jira. Wannan shi ne abin da marubucin waƙa ke yi da ma'aunin baiti, ana yaba masa. Idan makaɗi ya yi shi a tsaye, cikin rana, ga ƙura ga hayaniya, kuma ga mutumin da ya shigo fili yanzu wanda dole a tuna takensa da na ubansa, sai a ce rakiya yake yi?

Dubi ɗan dambe. Yana zaune shiru, hannu a naɗe, ba wanda ya ambaci sunansa da baki. Kalangu ya juya, sai ka ga ya miƙe yana tsuma. Ba a rera masa baiti ba tukuna. Abin da ya tashe shi magana ce da ya ji, shi da duk wanda ke filin.

Hanyar da mutum ke bi ya kai wannan matsayi doguwa ce, kuma ita ce amsar masu cewa maroƙi ba shi da makaranta. Ɗan gado yakan fara da ɗaukar kaya, ya koyi jiƙa fata da ɗaure ta da gyaran tsirkiya, sannan a rataya masa kuntuku. Zai daɗe a kan bugu ɗaya tak har ya daina karkacewa, kafin a ba shi ɗan karɓi, kafin wata rana uba ya gaji ko murya ta dushe a miƙa masa uwa. Ɗan haye, wanda sha'awa ta kawo shi, ta wannan ƙofa shi ma yake shiga, sai dai ya ƙara da haƙurin gorin dangi. Shekarar makaɗin ƙauye kuma a rabe take. Da damina manomi ne kamar kowa, sai ranar gayya ya ɗauki gangar noma ya bi bayan masu garma yana kiran kowane saurayi da takensa. Da kaka, amfani ya shigo gida, sai bukukuwa da dambe da kokawa da wasan 'yan mata a dandali. Da rani ya shiga yawon kiɗa, gari ya bi gari. A tsakanin waɗannan duka ga mahauta, iyayen gidansa na asali, waɗanda a da yake sanar wa gari da kalangu cewa sun yi yanka. Ladansa dami ne, ko tsoka, ko riga, ko kuɗin da shugaba zai raba bayan an tashi, kowa gwargwadon matsayinsa. Wanda ya yi fice sai a naɗa shi Sarkin Kiɗa ko Sarkin Makaɗa.

Wannan ya kawo ni ga abin da na daɗe ina riƙe da shi: kiɗan sana'a shi ne uwar kiɗan Hausa, fada da rediyo 'ya'ya ne. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, da kiɗan noma ya fara a bayan mahaifinsa kafin ya zama makaɗin sarakuna. Ibrahim Narambaɗa ma ta kiɗan noma ya bi kafin ya zauna a fadar Sarkin Gobir na Isa. Shata, ɗan haye, a dandali da kasuwa ya buɗe baki, kuma har ya rasu a 1999 kayan kiɗan mahauta ne a bayansa. Dalilin a fili yake. A gona da mahauta da filin dambe ne kiɗa ke da aikin da za a auna a take: ko dai manomi ya ƙara ƙaimi ko bai ƙara ba, ko ɗan dambe ya tashi ko bai tashi ba. Makaɗin da ya saba da wannan jarrabawa, idan ya je gaban sarki ya riga ya san yadda ake taɓa zuciyar mutum ɗaya a cikin taro. Littafin David Ames da Anthony King na 1971 ya jera kayan kiɗan Hausa tare da sana'o'in da kowanne ke bi, Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau ma ya rarraba makaɗa a kan wannan tsari. Duk da haka mafi yawan masu nazari fada suke rugawa, su bar gona.

Game da fiyano kuwa, ban ƙi shi don sabo ne ba. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, zamanin fim ɗin Sangaya, ya samar wa dubban matasa abinci, kuma a cikinsu akwai masu kunne. Amma sautin kalangun da ke cikinsa bugu ne da aka ɗauka aka adana, kullum iri ɗaya yake fitowa. Ko an lanƙwasa shi da na'ura, ba ya ganin wanda ya shigo fili, bai san ɗan wane ne ba. Asarar da ake yi ta fi ta sauti. Gayya ta ja baya, mahauci ya daina buƙatar mai shela, biki ya koma hannun mai lasifika, wa'azin masu ƙyamar kiɗa ya sa 'ya'yan gado da yawa sun ajiye gula sun kama acaba. Abin da ya fi damuna shi ne masu sauraro. Take magana ce tsakanin mutum biyu, idan mai ji ya daina fahimta, gwanin da ya rage ma ƙara kawai yake yi a kunnen yara.

Jigawa tana da Jami'ar Tarayya a Dutse da Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, tana da gidan rediyo da na talabijin. Ina roƙon malaman Hausa na waɗannan wurare su tura ɗalibai Birnin Kudu da Gwaram da kakar bana, su zauna da masu kalangu da masu gangar noma da suka manyanta. A ɗauki kowane take sau biyu, da fata da kuma da baki, a rubuta mai shi da sana'arsa da garinsu. A rubuta sunan makaɗin a saman shafi, da sunan wanda ya koya masa.