Masu Ƙaya na Biyetnam Sun Gama da Ni

Jama'a, a duk abin kiwon da ake ajiyewa cikin ɗaki, ban ga wanda ya kama ƙafar Laureola ba. Ba ta kuka, ba ta wari, ba ta cizo, tsawonta ma wajen santimita ɗaya ne kacal. Amma ka sa gilashin ƙara girma ka dubi bayanta, sai ka ce tubarkallah! Ƙayoyi ne jere reras daga kai har ƙarshen jiki, kowace a mazauninta. Masu kiwo suna kiran wadda na fi ƙauna Durian Spiky, daga dazuzzukan Biyetnam aka samo ta. Ka taɓa ɓawon itacen da take kai, nan take ta dunƙule ta koma tamkar ƙarangiya. Ta ɗan jima a haka, sannan ta leƙo da gashin kanta biyu a hankali, ta shinshina iska, ta miƙe ta ci gaba da harkarta. Wallahi kallon nan ba ya ginsar mutum.

Dangin nata ana ce musu aisofod, kuma duk wanda ya ce musu ƙwari ya ci zalinsu. Ƙwaro ƙafa 6 gare shi, su kuwa 14. 'Yan'uwan ƙaguwa da jatan lande ne waɗanda suka baro ruwa suka zauna a tudu, irin nasu na tudu kuma ya haura 3,500 a duniya. Har jininsu shuɗi-shuɗi ne, don tagulla ce ke ɗaukar iska a cikinsa maimakon ƙarfen da ke cikin namu. Wani masani Bajamushe, Helmut Schmalfuss, ya kasa su gida-gida a 1984 bisa ga siffar jiki da dabarar tsira: akwai masu gudu, masu maƙalewa, masu dunƙulewa, masu rarrafe, ya kuma ware wa masu ƙaya gida nasu. Waɗannan a dazukan ƙasashe masu zafi da ruwan sama suke, ƙayar kuma ita ce ke sa ƙadangare ko tsuntsu ya yi tunani kafin ya haɗiye su.

Na san za a ce ina Rubber Ducky, wadda ta fito daga kogunan duwatsun farar ƙasa na Tailan wajen 2017 ta rikita masu kiwo a Turai da Amurka da Japan. Kyakkyawa ce, ban musa ba, da 'yar fuskarta ruwan ɗorawa. Sai dai sumul take, kuma ta fi son binne kanta a ƙasa, ka biya kuɗi mai yawa ka zauna kana kallon turɓaya. Laureola kuwa mahaukaciyar hawa ce. Ka jingina ɓawon itace a tsaye, da dare ka haska fitila mai rauni, za ka same su sun yi layi suna kiwo a kai. A Kuba ma akwai wata mai ƙaya, Pseudarmadillo spinosus, ƙarama ƙwarai, ita ma abin so ce, amma ta Biyetnam ta sha gabanta a wurina.

To, inda gizo ke saƙar shi ne danshi. Waɗannan bayin Allah da wasu 'yan faifai da ke ƙarƙashin cikinsu suke numfashi, kuma dole faifan su kasance da laima. Suka bushe, an gama. Wannan ne ke sa sabon shiga ya tuttula ruwa ya toshe murfi, alhali iskar da ba ta motsi ita ma kisa take yi, ga funfuna ta mamaye ko'ina. Aisofod ba sa fitsari irin na sauran dabbobi, iskar amoniya suke fitarwa ta jiki, saboda haka akwatin da ba ƙofar iska guba yake tarawa. Abin da ake nema shi ne iska mai laima amma mai yawo. A samu robar ajiya mai murfi, a huda ramuka a gefe da gefe domin iska ta ratsa, a rufe su da raga mai ƙananan ido. A zuba ƙasa mai taki wadda ba a taɓa yi wa feshin magani ba, zurfin santimita 8 zuwa 10, a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen itacen da ya yi fari yana marmashewa a hannu. A gefe guda a tara gansakukar sphagnum, nan kaɗai ake zuba ruwa, ɗaya gefen a bar shi da ɗan sha-iska. Su da kansu za su riƙa kai da komo tsakanin ɓangarorin biyu gwargwadon bukatar jikinsu, kuma kallon wannan zirga-zirga rabin daɗin kiwon ne. Ruwan famfo mai kulorin a bar shi ya kwana a buɗe tukuna.

Zafin da suke so tsakanin digiri 22 zuwa 26 ne. Wanda ke Kano ko Damagaram ya san bazara tana haura 40, hunturu kuma yana tsotse laimar komai, don haka sai ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da taga.

Abinci ba wahala: busasshen ganye tuli guda, ruɓaɓɓen itace, ɗan yankin karas ko kabewa, da ɗan abincin kifi jefi-jefi, a kwashe saura kafin ya lalace. Kalsiyam ne ba a wasa da shi, domin da shi ake gina sulken jikinsu da ƙayoyinsa. Dakakken ɓawon ƙwai ko gutsuren dutsen farar ƙasa ya wadatar. A kuma zuba musu 'yan mitsi-mitsin ƙwarin nan masu tsalle, sifirintel, su ne masu share funfuna.

Sai saɓa, abin da ya fi komai burge ni. Ba sa tuɓe tsohuwar fata gaba ɗaya. Rabin baya ne ke fara fita, bayan ɗan lokaci rabin gaba ya biyo, sai ka ga halitta guda da launi biyu tana tafe, ƙayoyin baya sababbi fil, na gaba sun dushe. Sau da yawa ta juya ta cinye saɓar don kada kalsiyam ya tafi a banza. Uwa kuma a cikin wata jaka mai ruwa da ke ƙirjinta take ɗauke da ƙwai har su ƙyanƙyashe. 'Ya'yan su fito farare tas da ƙafa 12, sauran biyun sai bayan sun yi saɓa.

Aibinsu biyu ne: tsada da jinkirin haihuwa. Mai gaggawa ya fara da Cubaris murina, wata aisofod mai arha da juriya, ya koyi sarrafa laima a kanta. Kada kuma a kuskura a zubar da ƙasar akwatin a waje ba tare da an daskarar da ita a firiza ba, don baƙuwar halitta ba ta da hurumi a gonar kowa. Ga wanda hannunsa ya faɗa kuwa, ya nemi guda 10 zuwa 15 daga wanda suka hayayyafa a gidansa maimakon na kamun daji, ya jingina musu ɓawo, ya daina ɗaga murfi kowace sa'a. Maki goma bisa goma na ba su, da akwai sha ɗaya da na ƙara.