Bandashe a Tsakar Gida

'Yan birni suna da wata magana, wai gurasa abincin bakin titi ce, in ba daga hannun mai tsire ko 'yar talla ta fito ba, kwaikwayo ne kawai. Samarin da suka buɗe ido da waya kuma sun zo da tasu. Suna kallon abincin titin Meksiko, wainar fulawa mai faɗi da ake naɗe nama da narkakken cuku a cikinta, sai su ce haka ya kamata a gyara gurasarmu. Duka biyun ban yarda da su ba, amma na farkon ya fi ba ni haushi.

Tarihin ba shi da tsawo. An fi danganta gurasa da Larabawan da suka zauna a birnin Kano don fatauci, kuma har yau Jakara da Chediyar 'Yan Gurasa ne gidanta. Abin na Meksiko ma baƙo ne a can. 'Yan Labanan da suka yi ƙaura a farkon ƙarni na 20 ne suka kai shawarma garin Puebla, mutanen ƙasar suka cire naman rago suka sa na alade, wanda a wurinmu haramun ne, daga baya aka ƙara abarba da cuku. Su da abin da ke hannunsu suka mallake abincin baƙi. Mu da ƙuli-ƙuli muka mallake namu.

To, a duba yadda ake haɗa bandashe, wato gurasar da ake jiƙawa a haɗa da garin ƙuli, don a nan gardamar take mutuwa. Gurasar da ta iso Dambatta ranar Lahadi, ranar kasuwa, ko ta shiga ƙauyukan Makoɗa da Kunchi a bayan babur, ta riga ta huce, wani lokaci ma ta kwana. Ɗan birni zai ce ta lalace. Ai ita ake so. Mai zafi daga tanderu in ta taɓa ruwa sai ta caɓe ta zama kamar ƙullu, amma wadda ta sha iska tana da ƙashin da zai ɗauki jiƙa. Ana tsoma ta a ruwan ɗumi sau ɗaya, a fitar nan take, a ɗan girgiza. Wanda ya bar ta ta nutse ya ɓata. Wanda ya yayyafa ruwan da yatsu saboda tsoro shi ma ya ɓata, don tsakiyarta za ta fito a bushe, garin ƙuli ya zube a faranti ba tare da ya kama ba.

Sai tsari. Garin ƙuli ake fara barbaɗawa, tun danshin yana nan, sannan man gyaɗa ya biyo baya. Masu gaggawa suna juya wannan, su zuba mai tukuna, sai man ya toshe fuskar gurasar, ƙulin ya zauna a sama. In an bi daidai, ruwa ne yake kama garin, mai kuma ya tura shi cikin ƙananan ramukan da yis ya bari. Daga nan a ɗora wata a kai, a rufe da kwano, a ba ta 'yan mintoci. Wannan jiran shi ne abin da mai talla ba ya iya yi, ga layi a gabansa, ga mai mota yana masa ham. Albasa da tumatur da kabeji a ƙarshe suke zuwa, kada ruwansu ya tsinka aikin. Kokwamba ni ban damu da ita ba.

Shi kuwa ƙulin, wa ke yin sa? Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911 gyaɗa ta mamaye gonakin wannan yanki, kuma matan karkara ne suke soya ta, su niƙa, su matse mai, su murza tunkuza. Macen da ta matse da hannunta ta san inda za ta tsaya don ɗan maiƙo ya rage a ciki. Na buhu da ake kaiwa birni an tatse shi sarai, shi ya sa ake cika masa barkono da dunƙule don a rufe rashin maiƙon. Na gida citta da masoro da kanumfari kaɗan sun ishe shi. A watan Fabrairun 2024 mata masu gurasa sun fito zanga-zanga a Kano saboda tsadar fulawa, abin da ya nuna cewa rabin wannan abinci yana hannun 'yan kasuwa da farashin dala. Ɗaya rabin, wanda shi ne ɗanɗanon, yana cikin rumbun manomin Bichi da Tsanyawa.

Masu son cuku su gwada in suna so. Cukun da muke samu daga Nijar busasshe ne, ba ya narkewa, na kanti kuwa kuɗinsa ya sayi tsiren da zai wadaci gida guda. In da nama, a yanka shi ƙanana a tura tsakanin gurasa biyu kafin a rufe kwanon, romonsa ya sauka ƙasa.