Ina baƙo zai ci tuwo a Yamai?

Kaka ta wuce, hatsi ya shiga rumbu. Yanzu samarin Sanam da na sauran ƙasar Kurfai suna ɗaure kaya, za su cin rani. Da yawa Yamai suka nufa. Mota ta bi da su ta Filinge, ta bi ta Balayara, ta sauke su tashar Wadata. Daga Filinge zuwa Yamai wajen kilomita 180 ne. Wanda ya yi wannan tafiya, abinci zai fara nema. A nan kuɗin baƙo ke fara zubewa, wani lokaci har da lafiyarsa.

Na yi kwana uku a unguwar Yamai 2000, can bakin gari a kan hanyar Filinge. Ban shiga manyan otal ba. Na bi rumfunan da iyali ke riƙe da su, na ci, na biya, na duba. Ga abin da na gani.

Da safe na zauna wurin wani mai shayi. Shi ke haɗawa, ɗansa ke yanka burodi. Ruwansa na tafasa kan wuta, ƙwai kuwa a gabanka ake soya shi. Wannan ya yi kyau. Amma roba guda yake wanke kofuna a ciki, tun asuba har hantsi bai sake ruwan ba. Na biya dala 100. Kafin rana ta take, yunwa ta dawo. Burodi ba ya riƙe cikin mai aikin ƙarfi.

Da rana na shiga wata rumfa mai fenti da allo a ƙofa, da talabijin a ciki. Yara biyu ke sayarwa, mai wurin ba ya nan. Shinkafar ta huce, miyar ta sha mai, naman tsoka ɗaya. Aka ce jika guda, wato dala 200. Na gane fenti da talabijin na biya, ba abinci ba.

Wata rana na sayi dambu da zogale a bakin hanya. Zabarmawa na ce wa kwaɗon zogalen nan kopto. Yana da daɗi, yana da araha, yana gina jiki. Laifin wurin ɗaya: kwanon a buɗe yake. Mota ta wuce, ƙura ta sauka. Ƙuda ya tashi daga kwata, ya sauka.

Inda na fi yabawa shi ne wurin wata dattijuwa mai tuwo. Ba allo, ba suna, rumfar kara ce da benci biyu. Ita ke tuƙi, ƴarta ke zuba miya, jikanta ke riƙe da buta da sabuni. Yana zuba maka ruwa ka wanke hannu, ba a tsoma hannuwa cikin kwano guda. Tuwon masara da miyar kuka, da zafinsu, dala 50. Na ce mata: "Inna, miyar nan ta gida ce." Ta yi dariya ta ce: "Ɗana, ai ita muke ci." Gaskiya ne. Na ga jikokinta sun zauna, an zuba musu daga tukunyar da aka zuba mini. Ita ma da nata aibi: hayaƙi na damun mai ci, kuma dunƙulen Maggi ya danne daudawar batso. Amma can na koma har sau uku.

Don me nake ta maganar ruwa da murfi? A 2021 cutar amai da zawo, wadda likita ke kira kwalara, ta shiga ƙasarmu. Ta taɓa jihar Tilaberi, ta taɓa Yamai, mutane sun mutu. Ta ruwa mai dauɗa take shiga, da abinci, da hannun da ba a wanke ba. Tafasa na kashe ta. Ɗan cin rani in ya kwanta, kuɗin da ya zo nema sun tafi wurin magani, gida kuma ana jira.

To, in ka sauka Yamai kada ado ya ruɗe ka. Ka tambayi kuɗi kafin ka ci. Ka duba ko tukunya na kan wuta, ko an rufe ta, ko ana zuba ruwan wanke hannu. Sa'an nan ka duba ko ƴaƴan mai wurin na ci daga ciki. Uwa ba ta ba ɗanta abin da ba ta yarda da shi ba.

Ku kuma masu tuwo da masu ƙosai na kasuwar Sanam, maganar nan har da ku. Murfi da buta ba su da tsada.

Allah shi kai matafiya lafiya, shi maido su da alheri.