Gidan Duka: faifan farko na samarin Black Midi

Jama'a, yau za mu duba wani faifai na kiɗan Turawa. Sunansa Schlagenheim. Samari huɗu na birnin Landan, a ƙasar Ingila, su suka yi shi. Sunan ƙungiyarsu Black Midi. Faifan ya fito ran 21 ga watan Yuni 2019, kuma shi ne na farinsu. Waƙa 9 ke cikinsa, tsawonsu duka wajen minti 43. Sunan faifan ƙirƙirarsa suka yi daga kalmomi biyu na Jamusanci, wato duka da gida.

Su wane ne samarin?

A wannan faifai, Geordie Greep yana waƙa yana kaɗa gitar lantarki. Matt Kwasniewski-Kelvin shi ma gita gare shi. Cameron Picton yana riƙe da gita mai kaurin murya, wadda ake ce ma bas. Morgan Simpson shi ne mai ganguna. Sun haɗu a wata makarantar koyon kiɗa da wasanni mai suna BRIT School, suka kafa ƙungiya a 2017. Sa'ad da faifan ya fito, dukansu suna wajen shekara 20.

Wane irin kiɗa ne?

Kiɗan rok ne, wato na gitar lantarki da ganguna. Yawancin waƙoƙin rok gajeru ne, da baiti da amshi. Amma a ƙarshen shekarun 1960 waɗansu makaɗan Ingila, irin su King Crimson, suka ɗauki wata hanya. Suka tsawaita waƙa, suna sauya taki a tsakiyarta, wani lokaci ba amshi ko ɗaya. Wannan hanya Black Midi suka bi. Sai dai sun taso ne daga ƙananan gidajen kiɗa, kamar Windmill na unguwar Brixton. Kamfanin da ya fitar da faifan, Rough Trade, shi ma yana cikin masu cin gashin kansu. Shi ya sa kiɗan ya fito da kaushinsa, ba a goge shi ba.

Abin yabo

Waƙar farko sunanta 953. Tana tasowa kamar hadarin farkon damina, da iska da ƙura. Can sai ta lafa, har ka ce ta wuce, sai kuma ta dawo da ƙarfi. Wanda ya ji sau ɗaya zai yi zaton kowa na kaɗa abin da ya ga dama. Ba haka ba ne. Ku sa kunne ga ganga. Inda Simpson ya juya, nan sauran ke juyawa. In ya tsaya, su tsaya cak tare da shi. Hausawa sun ce in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. A wannan faifai kiɗan na sauyawa sau da yawa cikin waƙa guda, amma ba wanda ya ɓata hanya, don suna sauraron juna.

Waƙar da ta fi duka nauyi gajera ce, ba ta kai minti 3 ba. Sunanta Near DT, MI, wato kusa da birnin Detroit a jihar Michigan ta Amurka. Labarin garin Flint ne, wanda a 2014 yake da mutum wajen 100.000, yawancinsu baƙar fata, da dama matalauta. A watan Afrilu 2014 hukuma ta mai da su shan ruwan kogin garin don a rage kashe kuɗi. Ba a zuba maganin da ke hana ruwa cin bututu ba. Ruwan ya ci tsofaffin bututu, dalma ta shiga famfon mutane. Dalma kuwa guba ce, tana lalata ƙwaƙwalwar yara. Picton ne ya yi wannan waƙa. Yakan yi ƙasa da murya kamar mai ba da labari, sa'an nan ya ɓarke da ihu. Nan hayaniyar gita ta sami dalili. Duk wanda ya taɓa tsoron ruwan da ɗansa ke sha zai gane wannan fushi, ko bai ji Turanci ba.

Akwai kuma Western, mai minti 8. A cikinta kiɗa ya yi sanyi, har an sa banjo. Banjo ɗan'uwan gurumi da molo ne, don bayin da aka kwasa daga Afirka su suka fara yinsa a can ƙetaren teku.

Abin gyara

Ba duka ne ya kai haka ba. A waƙar bmbmbm, sauti ɗaya ake ta bugawa, Greep yana maimaita ƴan kalmomi kaɗan yana murɗa murya, kusan minti 5. Da farko abin na ba da dariya, daga baya ya gundure. A waɗansu waƙoƙin ma maganar a dunƙule take, da wuya a san inda ta dosa. Hannu ya ƙware, amma baki bai faɗi abin da za a riƙe ba. Gwaninta kaɗai kamar doki ne mai gudu wanda ba a aike shi ko'ina ba.

Duk da haka faifan ya shiga cikin 12 da aka zaɓa don kyautar Mercury ta 2019, ko da yake bai ci ba. Ƙungiyar ta ƙara fitar da Cavalcade a 2021 da Hellfire a 2022, sa'an nan ta dakata a 2024.

Wanda ya sami hanyar jin faifan a waya, ya fara da waƙar Flint, ya bi da Western, kafin ya shiga 953. Ya ji kowace sau biyu ko uku, kunnensa na bin ganga, sa'an nan ya yanke hukunci.