Fansa da Zumunta: Nazari kan Matsayin Bo'aza a Tauhidin Kirista

Littafin Rut babi huɗu ne kacal, amma ya ɗauko kalmar Ibrananci mai nauyi, wato go'el, ɗan'uwan da fansar danginsa ta rataya a wuyansa. Tushenta na cikin Littafin Firistoci, babi na 25: idan talauci ya sa mutum ya sayar da gonarsa, ko ya sayar da kansa ga baƙo, makusancinsa ne zai biya ya karɓo. Wannan nauyi Bo'aza ya ɗauka a Baitalami, inda ya fanshi gonar Elimelek, ya kuma auri Rut, mutuniyar Mowab wadda mijinta ya rasu.

Malaman Kirista da dama na ɗaukar Bo'aza a matsayin ishara ga Almasihu. Hujjarsu na da ƙarfi ta fuska ɗaya: bare ba ya fansa, sai ɗan'uwa. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa, babi na 2, ta bi wannan hanya da ta nuna cewa dole Mai Ceto ya zama nama da jini kamar waɗanda zai cece su. Sai dai Sabon Alkawari bai ambaci Bo'aza ba sai a jerin kakannin Yesu, cikin Matiyu da Luka. Ke nan kwatancen fahimtar masu tafsiri ne.

Inda wannan tafsiri yake tuntuɓe shi ne wajen mayar da labarin na ruhu zalla. Fansar Bo'aza ta shafi gona, abinci da sunan mamaci. An ƙulla ta a ƙofar gari, gaban dattawa goma, bayan wani ɗan'uwa da ya fi shi kusanci ya janye don tsoron gadonsa ya lalace, har ya tuɓe takalminsa shaida. Haka kuma akan manta da matan. Na'omi ce ta tsara dabarar, Rut ce ta je masussuka da dare ta tuna wa Bo'aza hakkin da ke kansa.

Mai wa'azin da ya tsallake waɗannan ya rage wa kalmar nauyinta. Labarin ya bar sunan Bo'aza a zuriyar Dawuda, ya kuma ƙi faɗin sunan wanda ya janye. Duk tauhidin da ke yabon Mai Fansa, alhali matar da ta rasa miji tana rasa gonarta a hannun dangi, ya fi kama da mutumin nan marar suna.